Igiya Mai Ƙulli Biyu

Da igiyar shanya na je Ƙofar Wambai,
na yi mata ƙulli biyu tun a gida:
ɗaya faɗin ƙofar zaurenmu,
ɗaya faɗin lungunmu na Alfindiki,
daidai inda katangar Malam Tanimu ta turo ciki.

Rumasa'u ba ta zo ba.
Tun da aka ɗinke ta a asibiti
likita ya ce zane da majanyi su huta.
Ga Nasiba tana tatata,
ga Junaidu ko wuya bai tsayar ba,
wata goma sha huɗu tsakaninsu,
bayan uwa ɗaya ne, shi ma an ce a bar shi.

Inna ta ce, "Mu da muka goya bakwai,
a mota muka tura ku?"
Na ce gaskiyarki, Inna.
Ban ce mata ina ganin yadda take dafa bango
kafin ta miƙe daga sallaya ba.

Tasi'u mai gwanjo ya sauko da uku daga rataye,
ya kaɗe su da tsumma.

Na farko jere ne, kafaɗa da kafaɗa
kamar sahun salla.
Raina ya kwanta da shi.
Na miƙa igiya,
ya zarce ƙullin farko da taƙi guda.
Tasi'u ya ce, "A fasa ƙofar mana, Alhaji."
Na ce gidan haya ne,
kuma ban je Makka ba tukuna.

Na biyu hawa biyu ne, irin gadon makarantar kwana.
Da ya faɗi kuɗin
sai na mai da hannuna aljihu.

Na uku dogo, gaba da baya,
ya shige igiyar har da rara.
Na murza tayoyinsa, na taka birki,
na ɗora masa jarka biyu na mai ruwa
na tsallaka kwata da shi sau uku.
Na naɗe shi, na hango shi a bayan adaidaita.
A aljihunsa na tsinci safa ƙwaya ɗaya,
ta wani yaro a wata ƙasa
da ƙafarsa ta riga ta fi ƙarfinta.

Komai ya yi. Amma wa zai zauna gaba?
Na gaba shi ke da duniya:
mai rake, awaki, jan balan-balan a bakin titi.
Na baya sai ƙeyar ɗan'uwa.
Na san wannan kujerar.
Ni ne na bakwai a ɗakinmu,
riga sai ta koɗe take isowa kaina.

Na yi tsaye har Tasi'u ya fara kallon wasu.
Yaronsa ne, mai tsinken sakace a baki,
ya danna wani abu a ƙarƙashi, ƙas,
kujerar gaba ta juyo.
Yanzu babu mai ganin titi.
Juna za su gani.

Ya ce albarka, na ce ragi,
ya ce albarka, na juya kamar zan tafi,
ban kai rumfa ta uku ba ya ce kawo.

A gida Nasiba ta ƙi hawa.
Ita turawa za ta yi.
Ta kwantar da takalmin uwarta a ciki, ta lulluɓe shi.
Kwana huɗu muna lallashi.

Ranar awo na tashi zan raka su,
na tarar Inna ta riga ni fita,
hannu biyu a kan mariƙin,
bayanta a miƙe kamar shekara goma baya.
Ta ce, "Ba don ina son abin ba ne.
Rumasa'u ce bai kamata ta wahala ba."

Suka wuce katangar Malam Tanimu
da yatsa biyu tsakani.
Ba ta dafa bango ko sau ɗaya ba.